Makin Bulus a Garwa

Tun da muka dawo daga Garwa ban huta ba. In na fito za ni masallaci a tare ni, in na shiga Kasuwar Gombe sayen goro a tare ni, majalisarmu ta ƙofar shagon tela a unguwar Madaki kuwa ba a magana. Tambayar kowa ɗaya ce: "Malam Sale, yaya ƙasar Kamarun take? Da gaske an ci ku? Da gaske ɗan wasanku ne ya jawo?" Na ba da labarin har maƙogwarona ya bushe, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Jiya wani ya rantse mini wai jandarma, ɗan sandan can, ya kulle ni kwana biyu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in samu in ci gorona a natse.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne malamin lissafi a kwalejin horon malamai ta nan garin. Ɗalibai na kirana Malam Jan Biro a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba. Kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ba na son ƙwallo. Abin da na sani game da ita shi ne 'yan wasanmu kan shigo ajina da safe suna ɗingishi, su zauna a layin baya, kafin in gama rubuta kwanan wata a allo sun fara gyangyaɗi. Shugaban masu gyangyaɗin nan shi ne kyaftin ɗinsu, Bulus, wani dogon saurayi Batangale, mahaifiyarsa na sayar da dawa da gero a kasuwa. Ranar da zai buga wasa a filin Pantami har masu shaguna kan rufe su tafi kallo. A lissafi kuwa ya faɗi jarrabawa sau biyu a jere. Ta ƙarshen, goma sha bakwai ya samu cikin ɗari, kuma biyu daga ciki don tsabtar rubutu na ba shi.

Dokar kwalejinmu ba ta da kwana. Wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku, sallamarsa ake yi. Arba'in ake nema a tsallake. Jarrabawar Bulus ta uku kuwa an sa ta ranar Laraba, kwana uku bayan ranar da aka tsara za mu dawo daga wasan sada zumunta da wata makarantar sakandare ta Garwa ta gayyace mu.

Ni na fara zuwa wurin firinsifal na ce kada a bar shi ya tafi. Malam Ɗanjuma, malamin wasanni, ya biyo ni a guje ya ce in babu Bulus gara a fasa tafiyar. Firinsifal ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce, "Bulus zai tafi. Kai ma, Malam Sale, za ka tafi. Awa biyu kullum ka koya masa lissafi, ko a cikin mota ne ko a kan ruwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ko Kaltungo na je sai na yi amai."

Ya ce, "Sai ka riƙe lemon tsami."

Ranar Litinin da sassafe muka taru a gaban sabuwar bas ɗin da gwamnati ta ba kwaleji. Kun san yanzu da kuɗin mai ya shigo, abin da ba a roƙa ba ma kawowa ake yi. Kowa da jakarsa, ni kuwa da ƙaramin allo a hammata da kwalin alli. Muna shirin tashi sai ga mahaifiyar Bulus, ta baro rumfarta da ƙullin soyayyiyar gyaɗa. Ba ɗanta ta nufa ba, ni ta nufa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, an ce kai ne mai lissafin. A gidanmu kaf babu wanda ya taɓa riƙe alli, shi ne na fari. Masu yi masa tafi a Pantami, ranar da aka kore shi ko ɗaya ba zai zo ya taya ni kuka ba. Na ba ka amanarsa."

Na ce, "Mama, zan yi iyakar ƙoƙarina." A raina kuwa na riga na fid da rai da yaron, kuma nauyin maganarta ya bi ni har cikin mota.

Daga Gombe zuwa Kaltungo na jingina allo a bayan kujerar direba na fara darasi. Direbanmu Oga Sunday ne, mutumin kudu da ya daɗe a Gombe har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Duk ramin da ya faɗa sai allina ya zame, bakwai ta koma ɗaya. Na ce ya rage gudu. Ya ce, "Malam, ni ma lissafi nake yi. In ba mu kai Numan kafin azahar ba, a bakin ruwa za mu kwana." Na juya in tambayi Bulus sulusi da rubu'i wanne ya fi girma, na tarar ya yi barci da fensir a baki.

Gadar Numan ba a gama ta ba, saboda haka sai da muka bi layin jirgin fito. Manyan motocin siminti sun fi ashirin a gabanmu. Awa uku muka yi a rana. Wata mai soya kifi ta ji yaran na kirana malam, ta ga allo, ta ɗauka irin malaman nan ne masu rubutun sha. Ta zaɓo mini babban kifi, ta ce in taimaka mata da abin da zai jawo kasuwa. Na yi mata bayani ni malamin boko ne. Ta dubi allon ta dube ni, ta miƙa hannu ta ɗauke kifinta, ta musanya mini da ƙarami. Yaran nan har muka haye ruwa suna ƙunshe dariya.

A Jimeta muka kwana, a ajin wata makaranta, kan tebura. Sauron Jimeta ba zan ce komai a kansa ba, don in na fara ba za mu kai Garwa ba. Washegari muka kama hanyar kan iyaka, hanyar da Oga Sunday ya ce ko jaki aka ɗora a kanta sai ya nemi canjin aiki. Muka isa shingen mutanen Kamaru sha biyu ta ɗan gota, muka tarar da ƙarfe a gicciye, ofis a rufe. Ashe su can daga sha biyu zuwa wajen uku kowa kan tafi ya ci abinci ya kwanta, har da masu tsaron ƙasa. Malam Ɗanjuma ya yi ta huci yana cewa a Nijeriya ba a haka. Na tuna masa a Nijeriya ofis a buɗe yake wuni, mai ofis ɗin ne ba ya nan.

Tunda zama ya kama mu, na kafa allona a gindin wata tsamiya na sa Bulus ya yi lissafi ɗaya. Ya yi ta gumi ya rubuta amsa, ba daidai ba. Ana cikin haka jandarma ya fito, wani gajere mai gashin baki da gajeren wando. Ya karɓi takardunmu da katin allurar kowa, ya ƙirga kawunanmu sau biyu, ya matsa ƙwallayenmu ɗaya bayan ɗaya ko an ɓoye wani abu a ciki. Sai idonsa ya faɗa kan allo. Ya tsaya, ya karkata kai, ya yi tsaki. Ya miƙo hannu na ba shi alli. Nan take ya soke amsar Bulus ya rubuta ta daidai, sai dai inda muke sa ɗigo shi waƙafi ya sa, bakwai ɗinsa kuma da ɗamara a tsakiya. Ya kaɗe hannu ya ɗaga mana ƙarfe. To wannan shi ne kullewar kwana biyun da ake ta yaɗawa.

Sai ranar Laraba da hantsi muka shiga Garwa, don taya ta fashe mana a hanya muka kwana a wani ƙauye. Zafin garin ya fi na Gombe, amma mutanen kamar a gida. Fillancin da muke ji a kasuwarmu shi ne dai, sai ɗan bambancin lafazi. An sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai, gadajen ƙarfe a jere, kowanne da gidan sauro. Abincin rana tuwo ne da miyar ganye mai ɗan ɗaci an haɗa ta da gyaɗa, loma uku na farko na sha wuya, daga nan na nemi ƙari. Abin karin kumallo ne ya ba mu mamaki. Kowa a ba shi burodi guda, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, sai kofi a cikin kwano maimakon kofin shayi. Ɗan wasanmu mai tsaron gida ya tambaya ko cokali aka manta. Sannan su kullum da safe sai kowa ya bi kowa ya ba shi hannu, ko jiya kun rabu, ko ku hamsin ne.

Da la'asar shugaban makarantar ya karɓe mu a ofishinsa, ni da Malam Ɗanjuma da Bulus. Sunansa Mushe Bubakari, wato Malam Bubakari a Faransance, dogon Bafillace mai tabarau, yana jin Hausa irin ta wanda ya koya a kasuwa. Bayan gaisuwa ya ce su al'adarsu, ranar wasa kafin a busa usur akan karanta makin kyaftin na kowane ɓangare a gaban jama'a, don ƙananan ɗalibai su san ƙafa ba ta hana kai aiki. Ya ɗauki alƙalami ya ce, "Kyaftin naku, nawa ya samu a lissafi?"

Bulus ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ba na ƙarya a kan maki ko za a yanka ni. Na ce, "Goma sha bakwai."

Mutumin nan ya ajiye alƙalami, ya cire tabarau, ya taso ya kama hannun Bulus da hannu biyu yana girgizawa. Ya ce shekararsa tara a makarantar nan bai taɓa ganin ɗan ƙwallon da ya wuce sha huɗu ba. Na yi sororo. Sai na ɗaga kai na ga takardar makin ɗalibai a jikin bango, wannan sha biyu, wancan tara, kowanne an ja layi a ƙarƙashinsa an rubuta ashirin. Ashe su can a kan ashirin suke ba da maki, mu kuwa a kan ɗari. Na buɗe baki zan gyara, Malam Ɗanjuma ya ɗora takalminsa a kan ɗan yatsana ya danna da duk nauyinsa.

Kafin in farfaɗo Mushe Bubakari ya ci gaba. Ya ce a makarantarsu wanda bai kai goma ba ba ya taka ƙwallo, sai dai ya zauna a bakin fili da littafi a hannu yana kallon 'yan'uwansa. Mai tsaron gidansu, Hamadu, takwas ya samu. An ba shi dama ta ƙarshe, zai sake jarrabawa ranar Asabar da safe, wasa kuwa da yamma. Ya ce, "Malamansa sun gaji. Amma ɗan ƙwallo yana jin maganar ɗan ƙwallo. Ku ara mana gwanin nan naku kwana biyu ya koya masa."

Malam Ɗanjuma ya ce, "Ai ba komai, Yallaɓai." A lissafinsa, in Bulus ne zai koyar, Hamadu ya gama faɗuwa, mu kuwa mu samu gida ba mai tsaro. Ni ban ce komai ba, kuma shirun nan ya dame ni, don na san ƙarya ce da bakina a rufe.

Muna komawa masauki Bulus ya zube a gabana. Ya ce, "Malam, ka kashe ni."

Na ce, "Ni abin da ka samu na faɗa."

Ya ce, "Sa, yaron nan gobe zai zauna yana kallon bakina. In ya faɗi ni na kayar da shi. Don Allah ka koya mini abin da zan koya masa, ko na gobe kaɗai ne."

Shekara uku ina bin yaron nan da lissafi yana zillewa, yau ga shi yana roƙo. Na ɗauko allo. Abin da za a tambayi Hamadu shi ne kashe-kashe, su rabi da sulusi da rubu'i, da yadda ake mai da su kashi cikin ɗari, wato daidai inda Bulus ke faɗuwa. Muka yi har magariba bai yi hamma ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis aka ba su wani benci a gindin mangwaro. Hamadu siririn yaro ne mai manyan tafukan hannu, ba ya jin Turancinmu, Bulus ba ya jin Faransanci. Abin da ya haɗa su shi ne Fillancin da Bulus ya tsinta a rumfar mahaifiyarsa, wanda bai wuce na ciniki da gaisuwa ba. Da kalmomi suka ƙare masa sai ya ruga ɗakin cin abinci ya dawo da burodin nan dogo guda biyu da wuƙa. Ya yanka ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu, ya jera su gefe da gefe, ya ce wa Hamadu ya zaɓi yankin da ya fi so in yana jin yunwa. Ni ina zaune a bayan wani ɗaki inda ba sa ganina, ina ji.

Matsalar ita ce Hamadu mai tambaya ne. Kome aka gaya masa sai ya ce don me. Da ya yi tambayar da ta fi ƙarfin Bulus, sai Bulus ya dafe ciki ya ce yana zuwa, ya zagayo bayan ɗaki a guje. "Malam, don me in za a haɗa sulusi da rubu'i sai an nemo sha biyu?" In nuna masa, ya koma. Can an jima ya sake dafe ciki. Kafin azahar ya zagayo sau bakwai. Da yamma sai ga Hamadu a masaukinmu da kwalbar jiƙo, wai kakarsa ce ta aiko wa malaminsa maganin gudawa, kuma ta ce a tsaya a ga ya sha. Bulus ya rufe ido ya shanye, ɗaci har kunnensa na rawa.

Dariya na yi a lokacin, amma da na kwanta wani abu ya tsaya mini a rai. Shekara uku yaron nan bai taɓa ce mini don me ba, ni ma ban taɓa gaya masa don me ba. Ƙa'ida nake rubutawa a allo in ce a haddace, wanda ya kasa in ja masa jan biro. Na ji kunya ƙwarai.

Ranar Juma'a da safe zagayen ya ragu zuwa biyu. Mai dafa abinci ya kai ƙara wai burodi na ɓacewa, aka ce ya ƙyale su, ai cinye darasin suke yi in sun gama. Wajen hantsi na ji Bulus ya ce, rabi da Fillanci rabi da Hausa, "Hamadu, zan gaya maka gaskiya. Sha bakwai ɗin nan tawa, cikin ɗari ce."

Hamadu bai gane ba. Bulus ya ɗauki alli ya ce to su lissafa tare. Suka mai da takwas ɗin Hamadu cikin ɗari, ta ba su arba'in. Suka mai da sha bakwai ɗin Bulus cikin ashirin, suka yi ta fama, can Bulus ya ce, "Uku da ɗigo huɗu." Ban san lokacin da na ce "Daidai!" daga bayan ɗaki ba. Suka leƙo suka gan ni zaune a kan bokiti da kwalin alli a cinya. Hamadu ya dube ni, ya dubi cikin Bulus, ya gane inda gudawar take zuwa. Ya faɗi ƙasa yana dariya yana cewa ashe shi mai takwas shi ne ma gwanin. Da ya tashi ya share hawaye sai ya ce su ci gaba, shi dai a wurin Bulus yake ganewa.

Daga masallacin Juma'a na wuce ofishin Mushe Bubakari, ban shawarci Malam Ɗanjuma ba, na gaya masa komai. Ya goge tabarau. Ya ce dokar goma ta ɗalibansa ce, ba zai ɗora wa baƙo ba, Bulus zai buga. Amma makin ba zai karanta a fili ba, don ba zai faɗi ƙarya ba, ba kuma zai kunyata wanda ya wuni biyu yana yi wa ɗalibinsa wahala ba. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, mu da muke da maki har ɗari, me muke yi da sauran da ba mai samu.

Asabar da safe Hamadu ya shiga jarrabawa. Bulus ya kasa cin burodinsa, ya yi ta kai da kawowa a ƙofar aji kamar mai jiran haihuwa. Wajen sha ɗaya malaminsu ya fito da takarda ya faɗi wani abu da Faransanci, yara suka ɗauki sowa. Aka ce mana sha ɗaya ya samu. Kafin in buɗe baki Bulus ya ce, "Hamsin da biyar ke nan!" ya ɗaga Hamadu sama. Malam Ɗanjuma ya zauna a kan dakali ya riƙe kai.

Wasan kuwa, ku da kuka san ƙwallo ku tambayi wanda ya sani. Abin da na gani shi ne jama'a sun cika fili, da masu ganga, da mata masu guɗa. A bakin fili ga yara uku cikin kayan makaranta zaune a benci da littattafai, su ne waɗanda ba su kai goma ba. Da aka zo karanta maki, aka faɗi na kyaftin ɗinsu, a namu kuwa Mushe Bubakari ya ce kawai, "Wannan shi ne malamin Hamadu." Aka yi ta tafi. Suka ci mu biyu, muka rama ɗaya. Saura kaɗan a tashi aka ba mu fenareti. Bulus ya ajiye ƙwallo, Hamadu ya buɗe tafukan nan nasa. Ni da ba na son ƙwallo sai ga ni tsaye a kan kujera, hulata a hannu, ina ihu ban san wanda nake goyon baya ba. Bulus ya buga da iyakar ƙarfinsa, na rantse bai sassauta ba. Hamadu ya yi tsalle ya cafke.

To ga amsar masu tambaya. E, an ci mu biyu da ɗaya. E, ɗan wasanmu ne ya jawo, tunda shi ya koyar da wanda ya hana mu ramawa. Malam Ɗanjuma bai yi mini magana ba daga Garwa har Numan. A kan jirgin fito ne ya ce, "Kai da aka turo ka gyara mana ɗan wasa ɗaya, ka je ka gyara wa abokan gaba." Na ba shi goro muka shirya.

A dawowa babu wanda ya yi barci da fensir a baki. Hamadu ya cika mana buhu da burodi, Bulus ya zauna kusa da allo yana yanka yana koya wa sauran 'yan layin baya, ni sai dai in ya kakare ya waiwayo. Oga Sunday da kansa ya riƙa kauce wa ramuka. Taya ta sake fashewa, muka ƙara kwana a hanya, sai Litinin da yamma muka shigo Gombe, saura kwana ɗaya tak.

Ranar Laraba aka yi jarrabawa. Na roƙi firinsifal kada a ba ni takardar Bulus, don na san hannuna ba zai yi adalci ba. Aka ba abokin aikina Ba'indiye, mutumin da ko ɗansa ba ya ƙara wa rabin maki. Kwana biyar muna jira. Na daina bi ta layin masu hatsi a kasuwa, don ban san abin da zan ce wa mahaifiyarsa ba in ta tare ni. Tsoro nake ji sosai, kwana biyu da burodi ba sa goge shekara uku.

Ranar Litinin aka manna sakamako a jikin allon sanarwa. Na tsaya nesa, na kasa matsawa. Na hango Bulus ya kutsa cikin ɗalibai, ya sa yatsa yana bin sunaye, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, leɓensa na motsi. Sannan ya juyo ya nufo ni, idanunsa sun kawo ruwa.

Na ce, "Nawa?"

Ya ce, "Hamsin da biyu, Sa."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Maza ka tafi kasuwa ka gaya wa Mama."

Ya juya zai ruga, sai ya dawo. Ya ce, "Malam, goma da ɗigo huɗu ke nan cikin ashirin. Ko a Garwa ne, da an bar ni na buga."

Na bi lissafin a raina sau biyu ina neman inda zan sa masa jan biro, ban samu ba.